Hamsin da Ɗaya

Ranar Laraba da hantsi Ɗahiru mai walda ya sauko daga kan ƙarfen tankin gidan Iya Barakatu, yana kaɗe tsatsa daga tafin hannunsa, fuskar nan ba walwala. Khairiyya, surukar gidan, tana tsaye a tsakar gida da 'yarta Huseina a goye, tana jiran ta ji abin da zai ce.

"Hajiya, ƙafar tankin nan ta kusa da kicin ta mutu," in ji shi. "Daga ciki ta ruɓe. Na buga mata guduma, sai na ji kamar na bugi gwangwanin madara. Ƙarfen da zan sa kuwa ba zan same shi ba sai Asabar."

Duk suka ɗaga kai. Baƙin tanki ne mai cin lita dubu biyar, yana zaune kan ƙafafu huɗu, tsayinsu ya kai na mutum uku. Safiyanu, mijin Khairiyya, shi ya haƙa bohol ɗin shekara shida da suka wuce, tun lokacin kuma rabin layinsu a Sabo, unguwar Hausawa a nan ƙasar Yarabawa, daga nan yake shan ruwa. 'Yan garuwa na shigowa da kurarsu tun da sassafe. Da rana kuwa inuwar tankin ce wurin zaman Iya. Nan take shimfiɗa tabarmarta, nan maƙwabta ke taruwa ana tsince shinkafa ana hira.

"In son samu ne, a bar shi wayam har in dawo," Ɗahiru ya ƙara.

Iya ta girgiza kai. "Wayam? Ana biki gidan Alhaji jibi, ka ce in rufe wa mutane ruwa? Ɗahiru, faɗi wata."

Ya sosa ƙeya. "To, rabi. Amma don girman Allah kada ya wuce rabi, Iya. Ruwa nauyi gare shi, mutane ba su sani ba."

"Wannan mai sauƙi ne," Khairiyya ta ce. "Ni zan tsayar da shi a rabi."

Ba cika baki ta yi ba. Kafin aurenta ta karanci kwamfuta, kuma ko da yake yanzu kunun aya take yi tana ɗurawa a gora ana kai mata shaguna, hannunta bai manta ba. Bara, da ta gaji da yadda ake mantawa da injin bohol a kunne, ta haɗa wata 'yar na'ura da ba ta fi akwatin ashana biyu ba. A murfin tanki ta liƙa abin da ke auna ruwa duk bayan daƙiƙa biyar. In ruwa ya yi ƙasa kuma akwai wuta, na'urar ta tayar da injin. In ya kai inda aka ce, ta kashe shi. Har layin waya ta sa mata, tana turo mata lambar ruwan, kashi nawa ne cikin ɗari, a wayarta duk inda take. Da harshen C++ ta rubuta umarnin, inda mai rubutu ke ƙera kowane abu da siffarsa da aikinsa: ta ƙera tanki mai sanin ruwan cikinsa, ta ƙera inji mai sanin tashi da mutuwa. Matan layin har cewa suke yi Iya ta yi suruka mai aljanu a akwati.

Bayan tafiyar Ɗahiru ta ɗauko kwamfutarta, ta jona, ta gangara zuwa layin da take nema:

if (tanki.ruwa == 95) inji.kashe();

Ta goge casa'in da biyar, ta rubuta hamsin, wato rabin tanki. Aikin bai ɗauke ta minti biyu ba.

Da la'asar aka kawo wuta. Ta tsaya da waya a hannu tana kallo: arba'in da takwas, arba'in da tara, hamsin. Sai ƙas, injin ya yi shiru. Ta nuna wa Iya. Iya ta sa mata albarka.

Washegari Alhamis aka tashi ba wuta. Kafin ƙarfe goma 'yan garuwa sun janye ruwan ya dawo ashirin da biyu. Safiyanu ya fita tun asuba zuwa Akinyele, inda ake sauke masa motar albasa. Aya ta ƙare wa Khairiyya, ga odar gidan biki, don haka ta bar Huseina wurin Iya, ta zura hijabi ta nufi Kasuwar Shasha.

Tana rumfar mai aya, wajen ƙarfe ɗaya saura, wayarta ta yi ƙara. An kawo wuta, inji ya tashi, ashirin da huɗu. Ta mayar da ita jaka. Ta zaɓi ayarta, ta wuce layin masu dabino, ta tsaya suka gaisa da wata ƙawar mahaifiyarta da ta tsare ta da labarin ciwon ƙafa. Sai da ta dawo ɗaukar buhunta sannan ta sake dubawa, ba don tana shakkar komai ba, sabo ne kawai.

Arba'in da takwas. Ta tsaya tana jiran ta ga injin ya mutu.

Arba'in da tara.

Hamsin da ɗaya.

Ta ƙura wa lambar ido. Ta ce a ranta ai yanzu na'urar za ta gane. Mai aya na mata magana kan ko a ɗaure bakin buhun, ba ta ji shi ba. Lambar ta motsa: hamsin da biyu.

Nan take layin nan ya tsaya mata a ido kamar an rubuta shi a jikin rumfar. Alamar daidai guda biyu. Abin da ta tambayi na'urar shi ne: ruwan hamsin ne cif? Ba ta tambaye ta ko ya kai hamsin ko ya wuce ba. Ruwan da inji ke kwararowa ba a kwance yake ba, tangaɗi yake yi. Awo ɗaya ya ce arba'in da tara, na gaba ya ce hamsin da ɗaya, hamsin ɗin kuwa ba a gan shi ba. Kamar ka ce wa mai gadi ya kama duk wanda ya taka dokin ƙofa, sai ɓarawo ya zo ya tsallake. Yanzu na'urar na can tana tambaya duk daƙiƙa biyar, hamsin ne? A'a. Hamsin ne? A'a. Haka za ta yi ta yi har tankin ya cika.

Sai ta tuna watan jiya. Sau biyu tankin ya cika ya yi ambaliya har sai da aka kashe injin da hannu, ita kuwa ta ɗora laifin kan abin awo, ta ce ƙura ce ta rufe masa ido. Ta hau ta goge shi ma. Ashe ba ƙura ba ce. Ashe tun ranar farko abin yana nan a kwance, jiya sa'a kawai ta ci.

Daga wayarta ba ta da ikon kashe injin. Ta sha cewa za ta ƙara wannan, ba ta ƙara ba.

Ta kira Iya. Wayar ta yi ta ringi har ta tsinke. Ta san inda take: duk sa'ad da aka kawo wuta, abin da Iya ke fara yi shi ne ta kai wayarta ɗaki ta sa caji, sannan ta dawo inuwa ta zauna, ga shi kunnenta na hagu ba ya ji sosai. Ta kira Suwaiba maƙwabciyarsu, a kashe; Alhamis ce, tana makarantar matan aure. Ta kira Safiyanu sau uku, bai ɗauka ba. Ko ya ɗauka ma, ya fi ta nisa.

Hamsin da takwas.

Ta bar buhun a nan. Mai aya na ƙwala mata kira, ita kuwa ta riga ta kutsa cikin masu dako ta fita titi. Ta faɗa wata tasi mai zuwa Ojoo, tana zama ta kira Ɗahiru.

"Oga Ɗahiru, ruwan ya wuce rabi. Injin bai mutu ba."

"Nawa yanzu?"

"Sittin da ɗaya."

"Innalillahi. Hajiya, ina Apata, ko tashi sama zan yi ba zan iso ba. Wa ke gida?"

"Iya da Huseina. Ban san ko da wasu ba."

"A fitar da su. Kada a tsaya ɗaukar komai. Kin ji ni? Ƙafar nan ba lanƙwashewa za ta yi a hankali ba, karyewa za ta yi lokaci ɗaya."

Matar da ke kusa da ita a motar ta juyo tana kallonta. Khairiyya ta shiga gangara sunayen wayarta har ta zo kan wanda ta rubuta Idi Ruwa. Idi ɗan garuwa ne, mutumin wani ƙauye a ƙasar Kazaure, shekararsa uku yana ɗibar ruwa gidansu. Mutum ne marar yawan magana. In ya shigo ya yi sallama, ya gaida Iya a durƙushe, ya cika jarkokinsa ya fita.

Bugu biyu ya ɗauka.

"Malam Idi, kana ina?"

"Ina gangaren Mokola, Hajiya, na kai wa mai abinci ruwa."

"Don Allah ka bar kurar nan ka ruga gida. Tankin zai faɗo. Ka fitar da Iya da yarinya daga ƙarƙashinsa, da duk wanda ka gani."

Bai tambaye ta komai ba. "To," kawai ya ce, ta ji ƙarar ƙarfen kura ya daki ƙasa.

A Ojoo hanya ta cushe. Wata tirela ta gitta tana ƙoƙarin juyawa, motoci sun yi cirko-cirko, 'yan talla na zagayawa da burodi da ruwan leda kamar duniya lafiya lau. Sittin da tara. Khairiyya ta buɗe ƙofa ta fita, ta tsallaka kwata, ta tare ɗan okada, mai babur ɗin haya. Ba ta taɓa hawa okada ba tun da ta yi aure. Da Yarabanci ta roƙe shi, ta ce masa Sabo, ya yi gudu, 'yarta na cikin hatsari. Mutumin ya dubi fuskarta sau ɗaya, ya ce ta riƙe da kyau.

Suna tafe iska na kaɗa hijabinta, hannu ɗaya na riƙe da ƙarfen baya, ɗayan na riƙe da waya. Saba'in da uku. Saba'in da biyar. Ta yi ƙoƙarin ta yi addu'a, amma bakinta sai lissafi yake: kowace lamba ɗaya lita hamsin ce, kowace lita hamsin jarka biyu ce, ana ɗora su ɗaya bayan ɗaya a kan gwangwanin madara.

Sun kusa Sango wayar ta yi ƙara. Idi ne, yana haki.

"Na iso, Hajiya. Na kori mata biyu masu wanki. Yarinya tana barci a tabarma, na ɗauke ta na miƙa musu waje. Amma Iya ta tayar da sallar azahar."

"Ina take yi?"

"Nan inda take zama."

"Ka ɗaga ta!"

"Hajiya, sujada take yi. Yaya zan taɓa ta?"

Ta bayan muryarsa Khairiyya ta ji wani sauti da ba ta taɓa ji a gidan ba. Ba mai ƙarfi ba ne. Kamar ana buɗe tsohuwar ƙofar ƙarfe a hankali, a tsaya, a sake turawa.

"Malam Idi, me ke wannan ƙarar?"

Ta ji yana cewa, "Iya, ki yi haƙuri, ki sallame. Iya, don Allah." Sai muryar ta dusashe, ga alama ya jefa wayar aljihu bai kashe ba. Ta ji ƙarar yadi na gogar waya, ta ji muryar Iya daga nesa tana faɗa, wane irin rashin ta ido ne wannan, ta ji takun silifa, ta ji ƙarar ƙyauren ƙofar gida. Sun fito.

Sai ta ji takun mutum ɗaya yana komawa ciki.

Ta gane. Makunnin injin yana jikin bangon kicin, daidai gindin ƙafar da ta ruɓe. Idi ya san wurin, ya sha kashe musu shi.

"Kada ka koma!" ta ƙwala, har ɗan okada ya waiga. "Malam Idi! Ka cire fis daga mita a waje! Kada ka shiga!"

Wayar na aljihunsa. Ta ji ƙarar ƙarfen nan ta sake tashi, wannan karon ba ta tsaya ba. Sannan wani abu ya cika mata kunne gaba ɗaya, kiran ya yanke.

Ta duba fuskar wayar. Tamanin da huɗu. Ta jira daƙiƙa biyar, ta jira goma. Lambar ba ta sake motsi ba.

Tun daga bakin layinsu ta ga ruwan. Yana gangarowa ja da laka, ɗauke da silifa wari ɗaya, da murfin tukunya, da albasa tana birgima. Mutane sun cika ƙofar gida. Ta sauka tun okada bai gama tsayawa ba, ta ratsa su. Huseina na hannun ɗaya daga cikin masu wankin, tana tsala kuka, ba ko ƙwarzane a jikinta. Iya na zaune a dakalin maƙwabta, zanenta jiƙe har ƙugu, leɓenta na motsi ba sauti. Khairiyya ta karɓi 'yarta ta ƙanƙame, ta leƙa tsakar gida.

Tankin ya tsage biyu kamar ƙwarya. Rabin kicin babu. Inda tabarmar Iya take, ƙarfe ne a murɗe da bulo.

"Ina Malam Idi?"

"An tafi da shi asibiti a keke mai ƙafa uku," wani ya ce. "Bango ne ya danne masa ƙafa. Sai da mutum shida suka ɗaga."

Ba a jima ba Ɗahiru ya iso, ya jiƙe sharkaf da gumi. Bai kai ƙofar ba samarin layin suka yi masa ca. Wani ya ce ai jiya aka gan shi a sama yana bugun ƙarfen da guduma. Wani ya ce masu walda na yanzu duk haka suke, su ɓata abu don a kira su gyara. Wani ya cafki wuyan rigarsa. Ɗahiru na rantsuwa, ba mai sauraronsa. Ya waiga ya hango Khairiyya, bai kira ta ba, kallonta kawai ya yi.

Da ta yi shiru, da maganar ta tsaya a nan. Ba wanda ya san abin da ke cikin akwatin ashanar nan sai ita, ga shi ma ruwa ya tafi da shi.

"Ku sake shi," ta ce. Muryarta ba ta fita ba, ta sake ɗagawa. "Ku sake shi! Ya ce kada ruwa ya wuce rabi. A gaban Iya ya faɗa. Ni na ce zan tsayar, na rubuta wa na'urar umarni ba daidai ba. Ba shi ba ne, ni ce."

Hannun da ke wuyan Ɗahiru ya sauka. Iya ta ɗago ta dube ta, ta daɗe, sannan ta ce, "Ni ma ya ce min a bar shi wayam."

Safiyanu ya dawo da la'asar, ya tsaya tsakiyar ɓaraguzai yana kallo. Khairiyya ta gaya masa komai, har da ambaliyar watan jiya. Ya saurara har ƙarshe, ya ce ta dafa abin da marar lafiya zai iya ci.

Ranar Asabar aka bar ta ta shiga wurin Idi. Yana kwance, ƙafar dama a naɗe tun daga cinya, yatsun da suka leƙo sun yi wani irin duhu. Ta ajiye kwanon farfesu, ta tsuguna daga gefen gado, ta fara yi masa bayani. Ta ce akwai alamar da ke tambayar ko abu biyu daidai suke, akwai wadda ke tambayar ko ɗaya ya kai ɗayan ko ya wuce, ita ta farkon ta sa. Tana faɗa tana jin yadda maganar ta yi ƙanƙanta a ɗakin. Idi ya saurare ta da ladabi, ga alama bai gane ba, kuma bai ga dalilin ganewa ba.

"Hajiya, abin da Allah Ya rubuta ne," ya ce. "Ni dai roƙona, kada a kira gida tukuna. Saura wata biyu damina, ni ke yi wa tsohuwata noma. In na miƙe sai in gaya musu da bakina."

Tana shirin amsawa likita ya leƙo, ya yafito Safiyanu waje. Ta hango su ta gilashin ƙofa, likita na magana yana nuna gwiwarsa da gefen hannu. Da Safiyanu ya dawo bai dubi inda take ba. Ya ja kujera kusa da gadon, ya zauna, ya ce a hankali, "Malam Idi, ba ni lambar yayanka."

Ranar Litinin aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Yayan ya zo daga arewa ya zauna da shi mako biyar, sannan Safiyanu ya kai su tashar Ojoo ya sa su a mota, bayan ya yi alkawari a gaban dattawan unguwa cewa noman gidan su Idi ya dawo wuyansa muddin yana raye. Khairiyya ba ta je rakiya ba. Ta aika da gorar kunun aya guda shida, yayan ya aiko da godiya.

Ba a sake ɗora tanki a gidan ba a shekarar. Iya ta koma zama cikin ɗaki. Kullum da safe wani ɗan garuwa daga wani layin yake turo musu kura, yaro ne sabon zuwa mai yawan surutu, kuma Khairiyya ce ke fitowa ta karɓi jarkokin ta juye a randa da kanta.